Don tsuntsu aka keɓe fadamar Hadeja-Nguru, ko don mutane?

"Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Tudun Wadan Zariya, ina koyar da ilimin halittu. Ina son in kai ɗalibaina fadamar Hadeja-Nguru su ga tsuntsayen nan da ake cewa daga Turai suke zuwa. Amma wani abokin aikina, mutumin ƙasar Hadeja, ya ce kada in wahalar da kaina: wai kacalla ta cinye wurin, kuma wai gwamnati ta hana talakawa kamun kifi da kiwo saboda tsuntsaye kawai. Mece ce gaskiyar magana? In tafiyar tana da amfani, yaushe ya kamata mu je, kuma me za mu yi in mun isa?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ka yi tunanin fitar da yara daga aji su ga abin da suke karantawa. Kana son sanin ko tsuntsayen suna nan, ko an zalunci mutane dominsu, da kuma yadda za a shirya tafiya. Abokin aikinka ya faɗi gaskiya a kan kacalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, domin ta yi ɓarna mai yawa. Inda zan saɓa masa shi ne ɗora laifin wahalar mutane a kan tsuntsaye. Masunci da manomin shinkafa da makiyayi da agwagwar da ta ƙetaro Sahara duk abu ɗaya suke jira kowace shekara: ruwa ya cika ya malala a kan lokaci, sannan ya janye a kan lokaci. Wannan hawa da saukar ne ya lalace, kuma lalacewarsa ta taɓa su gaba ɗaya.

Inda ruwan yake fitowa

Fadamar tana tsakanin jihohin Jigawa da Yobe, inda Kogin Hadeja da Kogin Jama'are suke shiga ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai tsofaffin tuddan yashi. Da yake babu gangara sosai, ruwan sai ya rarrabu ya zama hannuwa da tafkuna da tsibirai, kafin ya sake haɗuwa ya zama Kogin Yobe, ya wuce ta Gashuwa ya nufi Tafkin Chadi. Ruwan saman da ake yi a Nguru bai isa ya cika wannan wuri ba. Mafi yawan ruwan daga kudu yake zuwa: Jama'are daga tsaunukan Jos, Hadeja kuwa daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa. Ka nuna wa ɗalibai a taswira cewa namu Galma da Kubanni ba can suka nufa ba, Kogin Kaduna suke bi su faɗa Neja. In ka bar Zariya ka doshi Kano, kafin ka isa ka shiga ƙasar da ruwanta yake gangarawa Hadeja.

A tsarin da aka gada, ruwa yakan fara hawa a tsakiyar damina, ya kai ƙarshen cikarsa wajen Agusta da Satumba, sannan ya riƙa janyewa a hankali har cikin rani. Kowane mataki da masu cin moriyarsa. Manomi yana shuka shinkafa kafin ruwa ya iso, ta riƙa tsawo tare da shi. Kifi yana bin ruwan ya shiga cikin ciyawa ya yi ƙwai. Da ruwa ya fara ja baya sai a bi danshi a shuka wake da sauran amfanin rani, masunta su tare kifin da ke komawa kogi, Fulani su sauko da shanu su ci burugu. Wani kaso na ruwan kuma yana nutsewa ƙasa ya cika rijiyoyin garuruwan da ko ganin fadamar ba sa yi. Mutane fiye da miliyan ɗaya ne abincinsu ya rataya a kan wannan zagaye.

Sai aka gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, aka gama ta Challawa a 1992, ga kuma farin da aka sha a farkon shekarun 1970 da na 1980. Filin da ruwa ke malala a kai, wanda a shekarun 1960 da farkon 1970 yakan kai hekta 250,000 zuwa 300,000, ya koma tsakanin 70,000 da 100,000 a shekarun da suka biyo baya. Raguwar yawan ruwa ita ce kowa ya fi gani, amma canjin lokacinsa ya fi ta illa. Madatsa tana riƙe ruwan damina, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan da rani domin noman rani na Kadawa da Kura da ruwan shan birnin Kano. Kogin da a da yakan cika ya share hanyarsa sannan ya ƙafe, yanzu ba ya cika sosai, ba ya kuma ƙafewa.

Abin da aka hana da wanda ba a hana ba

Mutane suna haɗa abubuwa daban-daban su kira su da suna ɗaya. Akwai yarjejeniyar Ramsar, wadda aka sa wa hannu a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Wuri yakan shiga jerinta in ya cika wasu sharuɗɗa, daga ciki har da ya saba ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000 ko fiye. Tafkin Nguru da hannun ruwa na Marma, hekta 58,100, su ne wuri na farko da Najeriya ta shigar, a watan Oktoba na 2000. Baturiya da tafkin Dagona sun shiga a 2008. Shiga wannan jeri ba ya korar kowa daga gonarsa. Abin da ƙasa ta ɗauki alkawari shi ne a ci moriyar wurin ta yadda ba zai mutu ba, shi ya sa har gobe ana noma da kamun kifi da kiwo a yankin Nguru da Marma.

Inda doka take da haƙora shi ne wuraren da aka shata a matsayin gandu. Dagona, a ƙaramar hukumar Bade, yana ƙarƙashin Gandun Daji na Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991. Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma, asalinsa gandun jihar Jigawa ne, kuma a 2020 gwamnatin tarayya ta amince da sanya shi cikin sababbin gandayen daji na ƙasa guda goma. A irin waɗannan wurare an hana farauta da sare itace da shiga da dabbobi ko kamun kifi ba da izini ba. Shi tafkin Dagona da aka yi wa rajista a jerin Ramsar hekta 344 ne, a cikin fadama mai ɗaruruwan dubban hekta.

Amfanin ƙyale tafki irin wannan a fili yake ga duk wanda ya san rayuwar kifi. Da rani ya tsananta, kifin da zai yi ƙwai baɗi yana taruwa ne a 'yan tafkuna masu zurfi da ba su ƙafe ba. In aka bi su duka da taru aka kwashe, damina za ta zo ruwa ya malala babu iyayen da za su cika shi. Tafkin da aka hana taɓawa kamar irin da manomi ke warewa a rumbu ne, wanda ko yunwa ta matsa ba a dakawa. Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurin. Tun kafin zuwan gandu, sarakunan ruwa suna rufe wasu tafkuna sai ranar da aka buɗe, kuma bikin kamun kifi na Bade da ake yi a Gogaram a kan irin wannan tsari ya ginu.

Ban ce babu ƙorafi na gaskiya ba. Makiyayin da kacalla ta rufe masa mashayarsa ta gado, ya juya ya ga ciyawa kore shar a cikin gandu, zai shiga, kuma in aka kama shi zai ce an fifita tsuntsu a kansa. A ganina gandun da ba a zauna da masu unguwanni da sarakunan ruwa da arɗo-arɗo an shata burtali da mashaya da lokutan shiga ba, ba zai tsaru ba ko an ninka ma'aikata. Amma abin da ya kore shi daga mashayar tasa tun farko ruwa ne da ya sauya hali.

Yadda kacalla ta samu wuri

Kacalla doguwar ciyawa ce da takan fi tsawon mutum nesa, tana yaɗuwa ta saiwa a ƙarƙashin laka da kuma iri mai sauƙi da iska ke ɗauka. Tana nan tun da, amma ba ta yi ƙarfi ba, domin ƙafewar rani tana karya ta, cikar damina mai ƙarfi kuma tana tumɓuke ta. Abin da take so shi ne ruwa marar zurfi da ke kwance shekara zagaye, kuma shi madatsun suka ba ta. Da ta kafu a hanyar ruwa sai ta rage masa gudu, laka ta kwanta, hanyar ta ƙara cikewa, ita kuma ta ƙara samun wurin tsayawa. A haka hanyoyi irin su Burum Gana suka toshe, ruwa ya karkata ya fi bin Marma zuwa Nguru. Sakamakon sai ya zama biyu a lokaci ɗaya: gonakin wasu sun nutse ba sa bushewa, wasu kuma a ƙasa suna jiran ruwan da bai iso ba. Cikin duhuwarta jan baki ke kwana ya fito ya auka wa shinkafa da gero, sauro da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya su ma sun samu gida. Agwagi kuwa suna son sarari da bado, kacalla ta cinye musu shi.

Kuskuren da aka fi yi wajen yaƙarta shi ne ƙonawa kawai, ko sara a saman ruwa. Wuta busasshen ganye take ci, saiwar tana nan da ranta a laka, kuma cikin 'yan makonni za ta toho. Ganyen kacalla yana da ƙofofi a ciki da suke kai iska ga saiwa. Don haka a sare ta a ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi ɗaya ƙasa da samansa, yadda kututturen zai nutse gaba ɗaya. A yi lokacin da ta fara fitar da kai, sa'ad da abincin da ta tara a saiwa ya yi ƙasa. A kwashe abin da aka sare a fitar da shi tudu, domin in aka bar shi yana ruɓewa a wurin ya ƙara cike hanya. In ta sake leƙowa a sake sarewa, sau biyu ko uku a shekara. In ruwa ya ja baya kututture ya fito iska kafin saiwar ta mutu, aikin ya tashi a banza. An kuma gwada mayar da ita abincin dabbobi da iskar gas ta girki, aikin da NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma ta nan Samaru, ta sa hannu a ciki tare da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa.

Wannan dabara tana buɗe hanyar kwalekwale ko bakin gona. Ba za ta share dubban hekta ba, kuma ko injin yankan ciyawar ruwa aka kawo, kacalla za ta dawo muddin ruwa yana kwance. Maganin asali yana hannun masu buɗe ƙofofin madatsa, wato Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are: a saki ruwa mai yawa a ƙarshen damina ya yi kama da cikar da, a rage na rani har wasu hanyoyi su bushe. Faɗar hakan ta fi yinsa sauƙi. Kano tana shan ruwa da rani, manoman Kadawa ma haka, kuma garuruwan da ambaliya ta ci a Jigawa a 2022 ba za su ji daɗin maganar ƙarin ruwa ba sai an fara yashe hanyoyin da suka toshe. Duk da haka, binciken da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa in aka auna riba da yawan ruwan da aka kashe, abin da fadamar ke bayarwa na noma da kifi da itace ya fi na aikin noman rani na Kogin Kano nesa ba kusa ba.

Abin da za ku gani

An rubuta tsuntsaye fiye da iri 370 a wannan fadama, kuma har yanzu tana cikin wurare mafi muhimmanci gare su a Najeriya. Ku raba su gida uku. Akwai 'yan gida: dinya, kirinjijiya mai farar fuska da ake jin fitonta tun kafin a gan ta, zalɓe iri-iri, balbela, jinjimi, zakaran ƙeƙuwa. Akwai baƙin nesa da ke hayayyafa a Turai da Saiberiya, su iso daga Oktoba, su juya a Maris da Afrilu. Cikinsu akwai ƙananan agwagi masu cin 'ya'yan bado da irin ciyawa, waɗanda namijin ɗaya daga cikinsu yana da farin zane daga ido zuwa ƙeya, da kuma tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke tsince shinkafar da ta zube bayan girbi. Kitsen da suka tara a nan shi ne guzurin ƙetare hamada. Na uku su ne masu yawo cikin Afirka, irin shamuwa, wadda da damina take zuwa, saboda haka kada yara su neme ta a Janairu. Gauraka kuwa, wadda a da an santa a fadamun Arewa, ta yi ƙarancin da kada ka yi wa kowa alkawarin ganinta. Kamu don sayarwa da lalacewar wurin ƙwanta ne suka kai ta haka.

In kun samu wurin da bado ya rufe ruwa, ku tsaya ku yi shiru. Za ku ga tsuntsu mai jikin ja-ja da farin wuya yana tafiya a kan ganyen ba ya nutsewa. A sa yara su dubi yatsunsa, dogaye ne sirara ƙwarai, suna raba nauyinsa a kan ganye. A wannan tsuntsun namiji ne ke kwanci da renon 'ya'ya. A bakin ruwa marar zurfi kuma akwai wani ƙaramin baƙin zalɓe da yakan taka 'yan taku, ya buɗe fikafikansa ya rufe kansa ruf, ya yi inuwa, ya cafke kifin da ya shigo cikinta. A tashar masunta ku nemi a nuna musu tarwaɗa da ƙarfasa da bargi da kurungu, da gaiwa, wadda ke binne kanta a laka ta yi rani tana shaƙar iska. Ku tambayi masunta girman idon komarsu, da yadda dumba, wato jerin tarkon kifi da ake gittawa a ruwa, take tare hanyar kifi. Ɗalibi zai fahimci dalilin raguwar kifi daga ganin 'yan mitsi-mitsin da aka shanya fiye da daga allo. Manyan namun daji kuwa farauta ta rage su ƙwarai. Jan biri da tsari ana iya cin karo da su, amma kada ku je da tsammanin Yankari.

Shirin tafiya

Disamba zuwa farkon Fabrairu ne lokaci, domin baƙi sun gama isowa, ruwa ya ja ya tattara su a tafkuna. A tsakiyar Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara a 1967, kuma ranar 2 ga Fabrairu ita ce Ranar Dausayi ta Duniya. Matsalar lokacin ita ce hazo, don haka ka ware safiya biyu, in ɗaya ta rufe a samu ɗaya. Daga Zariya ta Kano zuwa Hadeja ko Nguru kusan tafiyar yini ce a motar makaranta, ka lissafa kwana uku ko huɗu gaba ɗaya. Ka rubuta wa hukumar gandun takarda tun da wuri ka nemi izini da ɗan rakiya, ka kuma kira su a makon tafiya su gaya maka halin hanya da tsaro da inda ruwa yake a bana, domin tafkin da ya cika bara yana iya zama fako. In kun isa gari ku fara gaida mai gari ko bulama.

Ku kasance a bakin ruwa kafin rana ta fito, ku tsaya ta gabas yadda rana za ta kasance a bayanku. A raba yara biyar-biyar ko shida-shida, kowane rukuni da madubin hangen nesa ko da ɗaya ne (mai lamba 8x42 ya wadatar), tufafi masu duhu, babu ihu babu jifa. In tsuntsaye suka ɗaga kai gaba ɗaya suka daina kiwo, kun matsa da yawa, ku ja baya. Wajen ƙidaya, a ƙirga goma ɗaya-ɗaya a ga faɗin da suka ci, sannan a riƙa auna garken da wannan faɗin, in garken ya yi yawa a koma hamsin-hamsin ko ɗari-ɗari. Mutum biyu su ƙirga kowa da kansa, na uku ya rubuta, sannan a gwada. Sabon mai ƙidaya kusan kullum yana rage yawan babban garke, kuma yana maimaita ƙirga tsuntsayen da suka tashi suka sake sauka gaba.

Kada yaro ya shiga ruwa ko ya wanke ƙafa a ciki, saboda tsargiya ta fata take shiga. A tafi da ruwan sha da gidan sauro. In za a hau kwalekwale, kowa da rigar kariya, kuma adadin da mai jirgi ya faɗa shi ne, kada a roƙe shi ƙarin mutum ɗaya. Kada a taɓa mataccen tsuntsu, a nuna wa ma'aikacin gandu, domin yana iya zama murar tsuntsaye ko guba da mafarauta suka zuba a hatsi.

Ƙidayar safiya ɗaya ba za ta gaya muku tsuntsaye sun ragu ko sun ƙaru ba, ka faɗa wa yara wannan tun kafin su rubuta rahoto. Baƙin nan suna rarraba kansu tsakanin Hadeja-Nguru da Tafkin Chadi da fadamar Neja ta ƙasar Mali gwargwadon inda ruwa ya fi a shekarar, kuma abin da ya same su a wurin hayayyafarsu a Turai ma yana taɓa yawansu. Sai an ƙirga wuri ɗaya, a wata ɗaya, da hanya ɗaya, shekaru da yawa, kafin lissafin ya yi magana. Wannan kuwa kuna iya fara shi a gida. Kafin tafiya ka kai su madatsar Kubanni ta Jami'ar Ahmadu Bello ko fadamar Galma safiya biyu ko uku, da izinin masu wurin, su koyi riƙe madubi da bambance zalɓe da balbela da ƙirga garke. A buɗe littafi ɗaya na makaranta, a riƙa rubuta kwanan wata da wuri da tsayin ruwa da irin tsuntsu da yawansa, ajin baɗi su ɗora daga inda na bana suka tsaya.